Jar Fitilar Mai Tana Ƙiftawa, Ga Shi Motar Ta Yayana Ce

Assalamu alaikum Malam. Yayana ya yi tafiyar aiki ta wasu watanni, ya bar min motarsa ina zuwa aiki da ita. Kusan mako biyu ke nan wata jar fitila mai siffar buta tana ƙiftawa a gaban sitiyari duk lokacin da na sha kwana ko na taka birki da ƙarfi, sai kuma ta ɗauke. Maƙwabcinmu ya ce sansa ce, wato 'yar na'urar da ke kunna fitilar, ta lalace, in rabu da ita. Wani a wurin aikinmu kuma ya ce in sayi galan guda na baƙin mai in juye duka a ciki. Jiya da safe da na tayar da motar na ji wata ƙara kas-kas-kas ta ɗan lokaci. Takardar da bakanike ya rataya ta nuna saura kilomita 1,500 kafin juyen mai. Ni ko bonet ban taɓa buɗewa ba, kuma ina tsoron faɗa wa Yaya, kada ya ce na yi wasa da amanar da ya ba ni. Don Allah me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki sake murɗa makullin motar nan sai kin zaro sandar auna mai kin ga abin da ke ciki da idonki. In ta kama gobe ki je aiki ta wata hanya, ki je. Ba don in tayar miki da hankali na fara da haka ba, sai don abin da kika kwatanta alama ce ta injin da mai ya yi wa ƙaranci sosai, kuma ina kyautata zaton har yanzu da sauran damar cetonsa.

Wannan jar fitilar ba yawan mai take aunawa ba. Direbobi da yawa, har da waɗanda suka tsufa a kan sitiyari, sun ɗauke ta a matsayin mai tuni, wai idan mai ya ragu za ta sanar da su su ƙara. Ba don haka aka sa ta ba. Ƙarfin turin mai take ji. A can ƙasan inji akwai kasko inda baƙin mai yake taruwa, akwai kuma famfo da ke zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Muddin bakin bututun yana nutse cikin mai, famfo zai yi ta turawa, fitila kuma ba za ta ce uffan ba ko da man ya ragu ƙwarai. Inji mai lafiya a kan hanya yakan tura mai da ƙarfin da ya kai 2 zuwa 4 a ma'aunin da ake kira bar, amma a yawancin motoci fitilar ba ta kamawa sai turin ya faɗi zuwa wajen rabin bar ɗaya ko ƙasa da haka. Kin ga ke nan duk lokacin da ta kama, abin ya riga ya yi nisa.

Ƙiftawar da take yi a kwana da wajen birki ita ce ta fi ba ni haske a wasiƙarki. Zuba ɗan ruwa a ƙasan kwano ki juya da shi da sauri, za ki ga ruwan ya ruga gefe guda ya bar tsakiya fayau. Haka ɗan man da ya rage a kaskon yake yi idan kin sha kwana. Bakin bututu ya tsinci kansa a sarari, famfo ya zuƙi iska, turi ya faɗi, fitila ta kama. Da kin miƙe hanya mai ya dawo, ta ɗauke. Ɗaukewar ba warkewa ba ce. Idan allurar juyin inji tana kan 3, wato juyi 3,000 a minti, karanshaf, babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, yana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma abin da ya raba shi da metal, wato mazaunin ƙarfe mai santsi da yake kwance a kai, wani siririn shimfiɗin mai ne da bai kai kaurin gashin kai ba. Kowace ƙiftawa ta daƙiƙa biyu juyi ɗari ke nan da wannan shimfiɗin yake yankewa. A haka ake cin metal kaɗan-kaɗan, har ranar da za a ce inji ya buga.

Ƙarar da kika ji da safe, idan siririya ce daga saman inji kuma ta ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi, galibi daga wajen bawul take, domin can ne mai yake isa daga ƙarshe. Gargaɗi ne, amma ba ita ce ta mutuwa ba. Wadda ake tsoro ita ce mai nauyi daga ƙasa, ƙwam-ƙwam-ƙwam, wadda ke ƙaruwa idan an taka totur. In kin ji irin wannan, ko mai ya cika fal, a kashe mota a nemo janwe.

To, yanzu ga aikin da za ki yi da hannunki, kuma ba ya cin minti biyar. Motar ta kasance a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kan gangara ba, ba ƙafa ɗaya a kan tudu ba, domin karkacewa kaɗan tana sa sanda ta yi ƙarya. Tunda ta kwana ba a tayar ba, man duk ya gangaro kasko, wannan ya yi. Nan gaba idan za ki duba bayan tafiya, ki kashe ta ki ba ta minti 5 zuwa 10. Maɓallin buɗe bonet yana ƙasa wajen gwiwarki, ta gefen ƙofar direba. Idan kin ja, bonet zai ɗan ɗaga. Ki zagayo gaba ki sa yatsu a ƙarƙashin bakinsa, za ki taɓo wani ɗan maƙali, ki ture shi ki ɗaga, sannan ki tokare da ƙarfen da aka tanada.

Ki nemi wani ɗan zobe, galibi rawaya ko ruwan goro, a jikin inji. Shi ne kan sandar. Idan motar otomatik ce, wataƙila ki ga sanda ta biyu can baya ko a gefe, ta man giya ce, man da ke jikinta ja-ja ne, ba ita muke nema ba. Ki zaro ta inji gaba ɗaya, ki goge ta tas da tsumma mai tsabta ba tare da kin damu da abin da ta nuna a karon farko ba, saboda mai yakan fantsama a cikin bututunta. Ki mayar da ita har sai kin ji ta zauna daram, ki sake zarowa, ki riƙe ta a kwance ko bakinta yana kallon ƙasa. Idan kika ɗaga bakin sama, mai zai gangaro ya nuna miki abin da babu.

Ki kawo bakin sandar kusa da ido a wuri mai haske. Za ki ga alama biyu: ko huji biyu, ko layi biyu, ko L da F, ko MIN da MAX, ko kuma wani ɗan fili mai zane-zane. Inda ƙarfen yake sheƙi da danshi, nan mai ya kai, inda ya koma busasshe, nan ya tsaya. Ki juya ki duba ɗaya fuskar, in sun saɓa ki yarda da wadda ta fi ƙasa. A mafi yawan ƙananan motoci, tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce. Ina sa ran taki za ta fito a bushe, ko da ɗan ɗigo a can bakin kawai. Kada gabanki ya faɗi idan kin ga haka. Sandar ba ta kaiwa gindin kasko, busasshiyar sanda ba ta nufin babu mai ko kaɗan, tana nufin giɓin ya wuce lita ɗaya.

Nan ne shawarar abokin aikinki za ta iya jefa ki cikin wata sabuwar matsala. Niyyarsa mai kyau ce, lissafin ne bai yi ba. Ƙaramar mota mai silinda huɗu duka-duka lita 4 take ci, ko ƙasa da haka kaɗan, ko sama kaɗan, galan ɗin mai kuwa lita 4 ne ko 5. In kin juye shi duka a kan wanda ya rage, mai zai hau har karanshaf ya riƙa dukansa yana mai da shi kumfa. Famfo ba ya iya tura kumfa yadda yake tura mai, sai ki koma gidan jiya alhali kasko a cike. Ban da haka, yawan man yakan matsa wa sil-sil ɗin inji, wato robobin da ke tare mai, su fara yoyo, wani kuma ya bi ta ɗakin ƙona fetur ya ɓata fulogi ya fita ta salansa.

Yadda ake yi shi ne a zuba da awo. Murfin zuba mai yana saman inji, yawanci da hoton butar nan a kansa. Ki tabbata shi ne, kada ki kusanci robar man birki ko ta ruwan lagireto. Ki sa mazurari. In sanda a bushe take ki zuba lita ɗaya, ki jira minti biyu mai ya sauka, ki goge sanda ki auna. Daga nan sai rabin lita, ko ƙasa da haka, kina aunawa, har ya kai kusa da alamar sama ba tare da ya haura ta ba. Ki riƙe lissafin abin da ta sha gaba ɗaya, bakanike zai buƙaci wannan adadin. Ki ɗaure murfin da kyau, ki mayar da sanda mazauninta.

Wane mai? Wanda littafin motar ya ce, kuma sau da yawa an rubuta shi a kan murfin: 5W-30, ko 10W-40, ko 0W-20 a sababbin motoci. Lambar farko tana nuna yadda man yake gudu lokacin da inji yake da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Ki sayi wanda murfinsa yake a liƙe ba a taɓa buɗewa ba, kada ki yarda a zuba miki wanda aka juye daga wata motar. Idan ba ki sami ainihin irin wanda ke ciki ba, wani man inji mai kyau da lambarsa ta yi kusa ya fi tafiya da kasko a bushe nesa ba kusa ba, kuma gauraya na kamfani biyu na ɗan lokaci ba ya kashe inji.

Bayan kin cika, ki murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban sitiyari suke kamawa, ba tare da kin tayar ba. Jar butar ta kama, haka ya kamata. Sai ki tayar. Cikin daƙiƙa biyu ko uku ta ɗauke. In ta ɗauke, ƙara kuma ta lafa, ki bar motar ta yi minti biyu a tsaye, ki leƙa ƙarƙashinta ko mai yana zuba, sannan ki tuƙa ta a hankali kai tsaye zuwa gareji. In kuwa ta ƙi ɗaukewa, ki kashe nan take. Kusa ko nesa, janwe ne zai kai ta.

Maƙwabcinku fa? Mai yiwuwa ne sansa ta lalace, suna lalacewa, wani lokaci ma mai yakan tsattsafo ta jikinsu. Amma babu wanda yake gane haka da ido daga bakin ƙofa, kuma lalatacciyar sansa ba ta cika zaɓar kwana da birki ba. Ba a zargin sansa sai an ga mai a cike. Ko a lokacin ma, hanyar tabbatarwa ɗaya ce: bakanike ya kwance sansar, ya ɗaura agogon gwada turin mai a gurbinta, ya karanta lokacin da inji ya yi zafi, a tsaye da kuma an ɗan taka totur. Agogo ya nuna turi lafiya, sai a sauya sansa. Ya nuna ƙasa, to ko rariyar bututu ta toshe da dauɗar tsohon mai, ko famfo ya gaji, ko metal ya ci. Ki nemi a yi wannan gwajin ko da fitilar ta daina ƙiftawa bayan ƙarin mai, saboda mako biyun da inji ya yi yana zuƙar iska. Abu ɗaya kuma ina roƙonki: duk wanda ya ce zai cire wayar fitilar ko ya kashe ƙwan don ta daina damunki, ki ɗauke motar daga hannunsa.

Jar fitilar tana da 'yar'uwa rawaya a wasu motoci, buta ce ita ma, sau da yawa da wani lanƙwasasshen layi a ƙarƙashinta. Ita ce mai auna yawan mai. Idan ta kama, ana iya ƙarasawa wuri mafi kusa a ƙara. Motoci da yawa ba su da ita sam, ja kaɗai gare su. Wasu sababbi kuma, kamar da yawa daga cikin na BMW da Audi, ba su da sandar ma, a allon mota ake karantawa.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci bayan an cika: ina man ya tafi? Hanya biyu ce, ko ya zuba ko ya ƙone. Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji ya kwana. Da safe ki ja shi ki duba. Ɗigo baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi a yatsa man inji ne, ja galibi na giya ne, farin ruwa marar santsi kuwa na na'urar sanyaya cikin mota ne, wato AC, ba komai. Yoyo yakan fito daga notin da ake kwancewa wajen juye, ko filtar da ba a ɗaure da kyau ba, ko gasket ɗin murfin saman inji, waɗannan duk gyaransu mai sauƙi ne. In kwali ya kwana fes, ki sa wani ya tsaya bayan motar lokacin da kike tayarwa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa shaida ce cewa inji yana ƙona mai. Wanda ke fitowa da safe kawai ya ɗauke, an fi danganta shi da sil ɗin bawul, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur kuma da ringin fistin.

Takardar da bakanike ya rataya ita ta yaudare ki, kuma ba ke kaɗai ba. Lokacin da mai zai tsufa take faɗa, ba ta san nawa ya rage ba. Kowane inji yana shan mai, bambancin yawa ne, har littattafan wasu kamfanoni suna ɗaukar rabin lita zuwa lita ɗaya a kilomita 1,000 a matsayin iyakar abin da za a lamunta. Ɗauki motar da ke shan rabin lita a kilomita 1,000, ana yi mata juye duk kilomita 5,000. Kafin ranar juye ta zo, lita biyu da rabi sun tafi daga cikin huɗu, takarda kuwa tana nan tana lilo tana cewa da saura. Tunda abin ya kai haka, ni a ganina kada ki jira kilomita 1,500 ɗin nan. A yi juye yanzu da sabuwar filta, ki tsaya a wurin a tara tsohon man a mazubi mai tsabta, ki duba shi a rana. Baƙinsa ba abin damuwa ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe dauɗa. Abin dubawa shi ne ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a ciki, ko ya koma fari-fari mai kauri, alamar ruwan lagireto yana shiga, ko warin fetur mai ƙarfi.

Mu dawo kan Yaya, domin na san shi ne ya hana ki barci, ba butar ba. Ki kira shi yau, kafin ma ki sayi mai. Raguwar man ba ke kika jawo ta ba. Tuƙi zuwa aiki da dawowa ba ya shanye mai a inji mai lafiya, kuma ba zan yi mamaki ba idan ya ce miki dama motar tana shan mai, yana ɗan ƙara mata lokaci-lokaci, ya manta bai gaya miki ba. Abin da yake naki shi ne mako biyun da kika yi kina tuƙi fitila tana ƙiftawa. Ki faɗa masa haka ƙarara, ba ragi ba ƙari: "Yaya, fitilar mai ta fara ƙiftawa tun mako biyu, ban san girman abin ba na ci gaba da tuƙi, yanzu na ajiye motar, wane mai kake zuba mata, wane bakanike kake kai wa?" Ko zai yi faɗa, na ɗan lokaci ne. Shi ya san irin man, ya san wanda ya saba da injin, ya san ko an taɓa buɗe shi. Kuma mutumin da ya miƙa miki makullin motarsa ya fi son ya ji daga bakinki tana da rai, da ya dawo ya tarar da ita an sauke inji. Riƙon amana bai hana abu ya sami matsala a hannun mutum ba, ɓoyewar ce take ɓata shi.

Batun kunyar ba ki taɓa buɗe bonet ba, ki ajiye ta gefe. Ba a haifi kowa da sanin sanda ba, kuma waɗanda suka ba ki shawara su biyun babu wanda ya ce a zaro ta a gani. Daga yanzu ki duba sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya. A makonnin farko ki riƙa rubuta kilomitar da mota take kai da inda mai ya tsaya, cikin kilomita 500 zuwa 1,000 za ki san ainihin abin da take sha. Ki ajiye lita ɗaya da tsumma da mazurari a but. Idan wata rana jar fitilar ta kama kina cikin tafiya, ki ba da sigina, ki gangara gefe inda babu haɗari, ki tsaya cak sannan ki kashe. Kada ki kashe inji mota tana gudu, domin birki da sitiyari za su yi miki nauyi.

Idan kin gama, ki sake rubuto min abu uku: inda mai ya tsaya a sanda kafin ki ƙara, lita nawa ta sha kafin ta cika, da abin da agogon bakanike ya nuna bayan inji ya yi zafi. Da su zan iya gaya miki ko juye da gyaran yoyo sun wadatar, ko kuwa sai an kwance kaskon ƙasa an duba metal. Allah Ya sa a dace, Ya dawo da Yaya lafiya.